Wilin da Ke Rataye a Rumfata

Kafin ka biya ni kuɗin faci, Zubairu,
ɗaga kai ka dubi ƙusar can.
Wilin nan da ya lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai,
na Tasi'u ne.
Yana nan da ransa, yana kasa goro a bakin tashar jirgin Agege,
ƙafar hagu na bin ta dama da lallashi.
Ban miƙe wilin ba, ban ba 'yan gwangwan ba.
Shekara shida ke nan yana yi mini wa'azi.

Da asuba ya fita, kamar kai,
burodi hamsin ɗaure a kariya,
baƙar riga, baƙar kwalta, gari bai gama wayewa ba.
Tirelar siminti ta sha gabansa, ta karya dama.
Kanta ya wuce lafiya,
gindin ne ya biyo da shara.
Direban ya diro hannu biyu a ka,
yana rantsuwa da Yarbanci, da Turanci, da guntuwar Hausa:
wallahi ban gan shi ba.
Na kuwa yarda da shi.
Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Wata uku da zuwanka daga Gumel,
inda ake hango mai keke tun daga gona
har a shimfiɗa masa tabarma kafin ya iso.
Nan Legas ce.
Ido dubu a kan titi,
kowanne na neman kafar da zai kutsa,
ba ka cikin lissafin kowa.

To, sai ka sa kanka.
Ungo wannan falmaran ruwan ɗorawa mai ƙyalli.
Na san za su ce ka koma ɗan sharar titi.
Su ce. Dariya ba ta karya ƙashi.
Jar fitila a baya, ko ta bakin hanya ce,
ta riƙa ƙifce kamar mai gulma.

Kada ka lafe jikin kwata wai don ladabi.
Mai lafewa shi ake matsewa,
ga rami, ga yashi, ga ƙofar mota da za a ɓalle ba sallama.
Ba wa kwata taku biyu, ka miƙe zanenka,
kada ka yi tafiyar maciji.

Danfo kuwa, ka san halinsa:
zai wuce ka fuu, ya ci birki a hancinka
don wata mai kwando ta ɗaga yatsa,
kwandasta na reto a ƙofa, Oshodi, Oshodi.
Yatsunka biyu su zauna kan birki.

In babbar mota ta jero da kai,
nemi fuskar direba a madubinsa.
Ba ka gan ta ba? Shi ma bai san an haife ka ba.
Sassauta feda, ka damƙe kan keke,
iskarta na janye mutum kamar ruwan rafi.
Bari ta ƙare.
Tirela ba ta ƙarewa a inda kake zato.

Waiga kafin ka kauce. Miƙa hannu har a ga hammata.
Cire wannan wayar daga kunnenka,
waƙar za ta jira, hon ba ya jira.
Ranar ruwa ƙara ninka tsoro,
direba ta gilashi mai hawaye yake kallonka.

Na cika ka da surutu, burodi na hucewa.
Faci ɗari uku.
Falmaran kyauta, amma da sharaɗi:
gobe war haka ka biyo ta nan, ka kaɗa mini ƙararrawa.

Ƙusa ɗaya ce a rumfar nan, Zubairu,
kuma akwai kaya a kanta.